Sawakin, Inda Alhazan Ƙasa Suke Tsallake Bahar Maliya

Tambaya: Malam, kakanmu ya yi aikin Hajji a ƙasa, sai da ya shekara bakwai kafin ya dawo gida. Har Allah ya karɓi ransa yana ambaton wani gari wai shi Sawakin, yana cewa nan ne ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. A ina garin yake, mene ne tarihinsa, kuma in mutum ya je yau me zai gani?

Amsa: Allah ya jiƙan Alhaji, ya karɓi wahalar da ya sha. Malama, kakanki bai ƙara gishiri ba. Sawakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a gabashin Sudan, a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Mutumin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram ya fuskanci gabas, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya haye kogin Nilu, to a nan ƙafarsa take tsayawa. Jidda tana tsallaken ruwa, wajen kilomita 300.

Tun da wuri in faɗa miki, don kada ki ƙawata abin a zuci ki je ki ga akasi: tsohon garin yau kufai ne. Galibin gidajen sun zube sun zama tsibin fararen duwatsu. Kuma ba yaƙi ne ya rushe su ba, duk da an gwabza yaƙi a bakin ganuwar garin. Barin su aka yi. Yadda hakan ya faru shi ne ainihin labarin Sawakin, sai dai ba za a gane shi ba sai an fara da yadda Allah ya tsara wurin.

Gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan cike take da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Ba murjanin nan ja da mata ke sawa a wuya ba. Wani farin dutse ne mai huji-huji kamar soso, wanda wasu ƙananan halittun teku ke ginawa sannu a hankali, kuma yana farke cikin jirgi in ya hau kansa. Saboda haka wuraren da jirgi zai iya matsowa gaɓa ba su da yawa. A Sawakin akwai wata siririyar hanyar ruwa da ta kutsa cikin ƙasa, ta buɗe a ƙarshenta ta zama kamar ƙwarya, ga kuma ɗan tsibiri kewayayye a tsakiya. Iska ba ta dukan jirgin da ya shiga nan, maƙiyi kuma ba ya shigowa sai ta wannan maƙogwaro. Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, za ki zagaye shi da ƙafa awa ɗaya ba ta cika ba. A kansa aka gina garin attajirai da hukuma. Talakawa da masu raƙuma da baƙi kuwa suna can kan tudu, a unguwar da ake kira Algaif.

Kan sunan, mutanen garin suna da hikayoyi. Wasu sun ce Annabi Sulaiman ne ya riƙa ɗaure kangararrun aljanu a tsibirin, sunan ya fito daga kalmar Larabci ta kurkuku. Wata hikayar ta ce wani sarkin Habasha ya aika wa sarkin Masar 'yan mata bakwai, suka kwana a tsibirin, da suka isa aka tarar duk suna da ciki, suka ce aikin aljani ne. Har yau ana yi wa kuliyoyin garin kallon ba kuliyoyi ba ne kawai. Ni dai bayanin da ya fi kwanta mini shi ne mafi sauƙi: 'yan ƙabilar Beja, waɗanda su ne masu ƙasar, suna kiran wurin Usuk, wato kasuwa.

Tun ƙarni na 10 masanin nan na Yaman, Alhamdani, ya ambaci Sawakin a matsayin tsohon gari. Amma a wancan zamani wata tasha ce can arewa, Aizab, take ɗaukar alhazan Masar da fatake. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya yada zango a Sawakin wajen shekarar 1330, bayan iska ta kauce da jirginsu daga hanyar Yaman. Ya ce tsibirin ba ruwan sha, ba shuka, ba itace, a kwalekwale ake kawo ruwa. Ana samun naman jimina da na barewa, ana kai madara da man shanu da wata irin dawa Makka. Sarkin garin a lokacin Sharifi ne, Zaidu ɗan Abu Numayyi, ɗan sarkin Makka, kawunnansa kuma Beja ne. Ki lura da wannan, don shi ne halin garin har ƙarshe: uba daga Hijaz, uwa daga duwatsun Afirka. Da Aizab ta mutu a ƙarni na 15, ciniki ya dawo Sawakin.

Turkawa sun ci Masar a 1517, Sawakin ta shiga hannunsu, daga baya suka mai da ita ɗaya daga cikin cibiyoyin lardin da suka kira Habash. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal suka shigo tashar, wani jami'insu mai suna Joao de Castro ya rubuta cewa jirage na kewaye tsibirin ta ko'ina, ana ɗora katako daga jirgi zuwa ɗakin ajiyar ɗan kasuwa a sauke kaya kai tsaye, har ya kwatanta ta da Lisbon. Wannan shi ne tashen farko. Da Turawa suka koma zagaya Afirka ta kudu don zuwa Indiya, ciniki a Bahar Maliya ya ja baya. Burckhardt, matafiyi ɗan Suwizalan da ya biyo ayari ya iso a 1814 kan hanyarsa ta Jidda, ya tarar kashi biyu cikin uku na gidajen tsibirin sun lalace. Shi ma ya ga mutanenmu: ya yi dogon bayani kan alhazan yammacin Afirka da ake kira Takarir, masu tafiya da allo da ƙwarya, suna rubutun sha da aikin ƙarfi don samun guzuri.

Abin da ayari ke kawowa daga Barbar da Shandi da Sinnar da Kassala shi ne ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, fatu, filasko, zinariya, riɗi da dawa. Jirage kuma su sauke tufafin Indiya, kayan ƙamshi, turare, shinkafa da katako. Akwai kuma bayi, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Sawakin tana cikin manyan ƙofofin da aka fitar da 'yan Adam zuwa kasuwannin Hijaz, kuma wani ɓangare na dukiyar da ta gina kyawawan benayen daga nan ta fito.

Galibin abin da ake kira tsohuwar Sawakin yau ginin tashe na biyu ne. A 1865 Sarkin Turkiyya ya miƙa garin ga Isma'il Basha na Masar, a 1869 aka buɗe mashigin Suez, jiragen Turai suka dawo Bahar Maliya. 'Yan kasuwa daga Jidda, Hadramaut, Masar, Girka da Indiya suka cika tsibirin. Gordon, Baturen Ingila da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu a 1877. Attajiri Shinnawi ya gina katafaren masaukin fatake a 1881, wanda ake cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

A nan zan ɗan daɗe, don ginin shi ne abin kallo kuma shi ne ajalin garin. Babu dutsen kirki a kusa, sai magina suka koma teku. Ana fasa dutsen murjani, a sassaƙe shi, a jera, a riƙa sa katako a tsakanin sahu don ya ɗaure bango. A ƙona wani murjanin ya zama farar ƙasa, da ita ake haɗa kwaɓi, da ita ake shafe bango ciki da waje. Gida yakan kai hawa biyu ko uku. Ƙasa wurin baƙi ne da ajiyar kaya, kamar zaure da shago a wurinmu. Iyali suna sama. Can ƙololuwa kuma akwai fili mai katanga inda ake kwana lokacin zafi. Abin da ya fi jan ido shi ne tagogin da ake kira roshan. Wani akwatin katako ne da ya turo daga bango ya rataya a kan titi, an yi masa sassaƙa da ƙananan ƙofofi da raga. Faɗinsa ya isa mutum ya zauna a ciki, wani ma ya kwanta. Iskar teku tana shiga, rana ba ta shiga, matar gida tana ganin titi ba a ganinta, a nan kuma ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar Balad a Jidda ya ga irinsu, don magina ɗaya ne, salo ɗaya, haka ma a Masawa ta Eritiriya.

To amma dutsen murjani yana shan ruwa, yana shan gishiri. Muddin ana sabunta shafen, gida zai shekara ɗaruruwa. Aka daina, raɓa da ruwan sama su shiga, katakon da ke ciki ya ruɓe, bango ya kumbura ya buɗe, wata rana ya zauna. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan: gidan da aka shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba, ba sai an kawo masa gatari ba.

Kafin a kai ga haka sai da aka yi yaƙi. Usman Digna, ɗan gidan 'yan kasuwar Sawakin ne, ya yi wa Mahadin Sudan, wanda ya tayar wa mulkin Masar, mubaya'a a 1883, ya tara Hadandawa da wasu ƙabilun Beja. A Fabrairun 1884 mutanensa suka tarwatsa rundunar Masar da Baturen Ingila Baker Basha ke jagoranta a Attaib, kudu da garin, duk da rundunar ta fi su yawa da makamai. Ingila ta aiko da sojojinta, aka sake karawa a Attaib, sannan a Tamai a watan Maris, inda masu takobi da mashi suka keta sahun sojan Ingila kafin a ci su. A 1885 Ingilishi suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sawakin zuwa Barbar, ba su yi nisa ba suka watsar. Har daga Ostareliya an kawo soja a shekarar. Kitchener, hafsan sojan Ingila, ya yi gwamna a nan daga 1886, ya kewaye Algaif da ganuwa, kuma a wani hari da ya kai sansanin Usman Digna a Handub a 1888 harsashi ya same shi a muƙamuƙi. Duk da haka Mahadiyya ba ta taɓa cin Sawakin ba. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926. Tashar jiragen fasinja ta yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Abin da mashi bai yi ba, alƙalamin injiniya ya yi. Siririyar hanyar ruwan da ta kare garin shekaru aru-aru ta yi wa manyan jirage masu inji kaɗan, ga murjani yana ƙara tsuke ta, ga ƙarancin ruwan sha. Turawan mulki suka zaɓi wani wuri a arewa da ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara gini a 1905, jirgin ƙasa daga Atbara ya iso a 1906, aka buɗe tashar a 1909. Ita ce Port Sudan, ko Bur Sudan a bakin 'yan ƙasar. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanoni suka bi. Zuwa shekarun 1920 da 1930 attajirai sun kulle gidajensu sun koma can. Gida ya zama gadon mutum ashirin da ke warwatse tsakanin Port Sudan da Jidda da Alƙahira, ba wanda zai ce shi zai biya kuɗin shafe. Wani malamin zane a Hartum, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga aikin a 1976; da yawansu yanzu a cikin zanensa kawai suka rage.

Yanzu ga inda kakanki ya shigo. Da ciniki ya koma Port Sudan, abu ɗaya aka bar wa Sawakin: alhazai. A nan hukuma ta ajiye sansanin killace su, a duba lafiyarsu, a yi musu rigakafin agana da kwalara, a duba takardu da kuɗin jirgi, sannan a dawowa a sake tsare su kwanaki don kada su shigo da annoba. Saboda haka a daidai shekarun da benaye ke zubewa, bakin ruwan yana cika da masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci duk shekara.

Shekara bakwai da kika ce ba abin mamaki ba ne. Mutum yakan fito da abin da bai taka kara ya karya ba, ya yi noma damina guda a Wadai, ya yi dako ko ɗinki ko koyar da allo a Alfashir, ya kai Al'ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama wurin tara guzuri, mutanenmu suka yi suna wajen tsinkar auduga. Wasu sun tara sun wuce. Wasu aure da 'ya'ya suka riƙe su, suna nan da niyyar Hajji har jikokinsu. Akwai kuma waɗanda hijira ce ta kai su: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ya zama zangon alhazai. Kalmar Takari da muke ji yau daga waccan Takarir ta fito.

Ba kowa ke bi ta sansanin hukuma ba. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi yakan bi masu sambuk, jiragen katako masu tafiya da iska, su tashi da dare daga wani lungun gaɓa. Nan ne hatsarin yake. Wasu sun nutse, wasu an sauke su a gaɓar da ba ruwa ba gari, wasu kuma, musamman yara da mata, an sayar da su a Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai 1962. Idan kakanki ya tafi ya dawo da ƙafarsa, ya tsallake abubuwa da yawa. Daga shekarun 1950 jirgin sama daga Kano ya fara cin hanyar ƙasa, sannu a hankali ta mutu.

Mai ziyara yakan fara da Ƙofar Kitchener, wadda ta rage daga ganuwar Algaif, ya ratsa kasuwa, ya ga abin da ya saura na masaukin Shinnawi da tsofaffin masallatan tudu, irin su na Majidi da na Tajussir. Daga nan sai hanyar da ta shiga tsibiri da Ƙofar Gordon. A ciki, masallatai biyu ne suka fi ɗaukar ido, na Hanafiyya da na Shafi'iyya. Kasancewarsu biyu a ɗan wannan wuri ma tarihi ne: Turkawa masu mulki Hanafawa ne, 'yan kasuwar Hijaz da Yaman da Masar kuwa galibi Shafi'awa. Hukumar TIKA ta Turkiyya, mai ayyukan taimako a ƙasashen waje, ta gyara su tare da ginin kwastan, kuma a Disambar 2017 Shugaba Erdogan ya zo da Umar Albashir, shugaban Sudan na lokacin, aka yi yarjejeniyar ba Turkiyya aikin farfaɗo da tsibirin, abin da ya tayar wa Masar da Saudiyya hankali don suna zargin sansanin soja ake nufi. Ra'ayina kan gyaran rabe yake. An ceci masallatan, wannan gaskiya ne, kuma ana sallah a inda da jemagu ne. Amma sun fito fes kamar an gama su jiya, har mutum ya kasa jin shekarunsu. Na fi son a tsaya a gaban gidan Khurshid, ko kangon ginin gwamna da na bankin Masar a bakin ruwa, inda ake ganin ƙofa mai ado tsaye ita kaɗai, bayanta sarari. Ki duba ƙasa kuma: a jikin duwatsun da suka zube za ki ga zanen halittar murjanin, kamar saƙar zuma. Kada a hau bango, kada a shiga ƙarƙashin abin da ya rage na bene, suna faɗuwa ba sanarwa.

Garin da ke raye yana kan tudu. Masunta suna nan, ana kuma gyaran jiragen katako a bakin ruwa. An buɗe sabuwar tasha a 1991, daga nan jiragen fasinja ke kwana ɗaya a ruwa su wayi gari a Jidda, da alhazai da masu Umara da 'yan ƙwadago, daga nan kuma ake loda tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000. A kasuwa za ki ga Beja da farar riga da 'yar shara, wasu da tulin gashi da tsinken tsefe a ciki, wasu da takobi. Harshensu dangin Hausa ne na nesa a wurin masana harsuna, ko da yake ba za ki tsinci komai a ciki ba. Ki sha jabana, gahawar da ake dafawa da citta a ɗan tulun yumɓu, ki ci salat, naman da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi, da soyayyen kifi da aka kamo da safe. Mai sauran kwana yakan hau duwatsu zuwa Arkawit ya sha iska mai sanyi. Can ne kabarin Usman Digna yake yanzu.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ɗan ruwan saman da gaɓar ke samu ma a lokacin yake sauka, saɓanin daminarmu. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana wuce digiri 40, ga gumi mai naniƙe tufa a jiki.

Sai dai ba zan ce ki shirya jaka yanzu ba. Tun Afrilun 2023 Sudan tana cikin yaƙi. Gabashin ƙasar ya fi sauran wurare sauƙi, har gwamnati ta yi zama a Port Sudan bayan ɓarkewar faɗan, amma garuruwan gaɓar sun cika da 'yan gudun hijira, kuma a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Port Sudan ɗin kanta. A jira ƙura ta lafa, sannan a nemi biza da izinin ɗaukar hoto, don wurin tashar jirage ne kuma jami'an tsaro ba sa wasa da kyamara.

Kafin nan akwai aikin da za ki iya yi daga gida. Ki tambayi tsofaffin gidanku ko akwatin Alhaji yana nan. Waɗanda suka bi ta hannun hukuma sukan dawo da takardar tafiya mai hatimin wuraren da suka ratsa, wani lokaci da shaidar rigakafi. In an same ta, shekarar da ke jikin hatimin Sawakin za ta nuna miki ko ya ga benayen nan a tsaye ko sun fara zubewa. Ki kuma tambaya ko shi kaɗai ya fita daga garinku, da wa da wa suka tafi, su wa suka dawo. In akwai ƙane ko abokin tafiya da aka ce ya tsaya a hanya, a fara cigiyar zuriyarsa ta Mai Wurno, Gadarif, Kassala da unguwannin Hausawa na Port Sudan.